Ɓerayena, ciwon suga da PKC

Litinin, 13 ga Nuwamba 2023

Alhamdulillahi yau takardar kwamitin kula da haƙƙin dabbobin gwaji ta fito, wata biyu ina zirga-zirga a kanta. Malam yace in dinga rubuta duk abun da ya faru ko da shirme ne, wai ranar rubuta babi na huɗu zan gode masa. Toh ga shi na fara.

Aikin dai shine zan sa ciwon suga wa ɓeraye, in bar su sati takwas, sannan in ciro babbar jijiyar jinin nan da ta fito daga zuciya, awota, in yayyanka ta zobe-zobe in rataya a ruwan gwaji in ga ko yadda take matsewa ya canja, in kuma ya canja ko da hannun furotin kainas si a ciki, wato PKC.

Da daddare Hajiya tace min "ke wai wannan PKC ɗin da kike ambata har cikin barci, cuta ce ko magani?" Nayi dariya amma wlh sai da na rasa ta inda zan kamo. Nace mata Hajiya cikin kowace ƙwayar halitta ta jiki akwai ma'aikata da ake ce musu furotin, da yawansu zaune suke ba sa taɓuka komai sai an buga musu hatimi, hatimin shine fosfet, masu bugawar kuma su ne kainas, mutum yana da su sama da 500, PKC gida ɗaya ne a cikinsu. Tace "ashe dai mai sitamfi ne na sakatariya." Shekararta goma sha ɗaya da suga, idonta na hagu ya fara hazo, ita ce ma dalilin da na ƙi ɗaukan wani tofik ɗin.

Alhamis, 23 ga Nuwamba

Ɓeraye sun iso daga Jos, maza 24, farare masu jan ido, irin Wistar, asalin zuriyarsu daga wata cibiya ce a Filadelfiya ta Amurka tun farkon shekarun 1900. Nauyinsu tsakanin giram 180 zuwa 220. Direban yace wani fasinja da ya leƙa but ya gansu cewa yayi shi kam ya fasa tafiyar, sai da aka lallashe shi. Baba mai kula da lab ya nuna min riƙo, a gindin jela ake kamawa ba a tsininta ba, yace "'yata in kina tsoronsu sun sani, su ma sai su tsorata su cije ki." Sati biyu za su huta su saba da wurin.

Asabar, 2 ga Disamba

Babu aiki sai karatu da kwashe dusar katako. Na zauna na zana hanyar PKC da hannuna har sau uku don ta zauna min. Saƙo ya zo daga waje, misali sinadarin noradirenalin, ya sauka a kan makarɓinsa a fatar sel, wato ƙwayar halitta, makarɓin ya tada furotin Gq, shi kuma ya tada wani furotin mai suna PLC, PLC ya datse wani kitse da ke cikin fatar mai suna PIP2 gida biyu. Rabi ɗaya, IP3, ya faɗa ciki ya buɗe rumbun kalsiyam. Ɗaya rabin, DAG, ya tsaya a fatar. PKC kuwa yana can cikin ruwan sel a naɗe ya toshe bakinsa da jelarsa, kalsiyam ne ke jansa zuwa fatar, DAG ya riƙe shi a wurin, jelar ta fita daga bakin, sai ya fara ciro fosfet daga ATP, makamashin sel, yana mannawa a kan wasu gaɓoɓi biyu, sirin da tiriyonin, na wasu furotin ɗin.

Yasutomi Nishizuka da ɗalibansa ne suka gano shi a jami'ar Kobe ta Japan a 1977, kuma ƙwaƙwalwar ɓera na cikin inda suka fara ciro shi, don haka ɓera da PKC tsohuwar tafiya ce. Abun da ya sa duniya ta waiwayo shi shine 1982, da suka nuna tare da Monique Castagna cewa fobol esta, gubar da ke cikin man kuroton wadda aka daɗe ana shafa wa fatar ƙananan ɓeraye don ta hanzarta fitowar ƙari, kai tsaye PKC take kunnawa, tana shiga gurbin DAG ne. Abun da ya ban mamaki, cini-da-zugun nan da ake shinge da shi a ƙauyenmu dangin kuroton ne kuma 'ya'yansa ma suna da fobol esta. Kakarmu ta sha dukanmu kan wasa da 'ya'yansa muna ganin mugunta ce kawai.

Alhamis, 7 ga Disamba

Ranar allura. Sun kwana babu abinci. STZ, maganin da ke sa ɓera ciwon suga, muka yi amfani da shi, miligiram 60 kan kowane kilo, mutane da yawa a nan aloksan suke sawa don ya fi araha amma Malam ya dage. Maganin baya jure zama in an narka shi, dole ruwan sitiret mai pH 4.5, cikin ƙanƙara, an naɗe kwalbar da foyil, a yi allurar cikin 'yan mintuna. Ƙanƙarar ma sai da na aiki ƙanina kasuwar Wunti da sassafe. Ni ina aunawa ina lissafi, Baba yana riƙewa yana sokawa a ciki. Goma sha shida sun samu STZ, takwas ruwan sitiret zalla, su ne kwantirol, wato masu lafiyar da za a kwatanta da su. STZ yana bin ƙofar da suga ke bi ne, GLUT2, ya shiga ƙwayoyin beta na saifar suga masu yin insulin ya kashe su, kuma da suna mutuwa sukan zubar da insulin ɗin da ke cikinsu gaba ɗaya, sugan ɓera ya faɗi warwas, shi yasa muka sa musu ruwan gulukos kashi 5 cikin ɗari su kwana da shi.

Litinin, 11 ga Disamba

Ɗaya ya mutu daren Juma'a. Sauran na tsaga tsinin jela na ɗiga jini a na'urar gwajin suga irin ta Hajiya sak. Goma sha uku sun haura 250, ɗaya ma na'urar HI kawai ta rubuta ta ƙi bada lamba. Biyu kuwa ko gezau, suga lafiya lau sai kace ruwa aka sa musu. Baba yace a ajiye su gefe, da su zan koyi yanka.

Laraba, 20 ga Disamba

Hunturu ya sauko sosai, mun toshe tagogi da buhu mun rataya ƙwan fitila a kusa da kejin. Masu sugan kam abun tausayi, suna ci kamar ba gobe amma ramewa suke, kwalbar ruwan da kwantirol ke kwana biyu da ita su kafin la'asar sun shanye, dusar katakonsu jagab da fitsari kullum sai an canja, jiya har tururuwa na gani sun yi layi zuwa tiren da ke ƙarƙashin kejin. Na tuna yadda aka fara gane na Hajiya, ƙishirwa da tashi fitsari sau biyar cikin dare.

Inda PKC ya shigo maganar suga kuwa, in suga yayi yawa a jini yana cika ƙwayoyin jijiyoyin jini, wani ɓangarensa sai a juya shi ya zama DAG, DAG ɗin da babu wani saƙo da ya zo daga waje ya sa a yi shi. Wato PKC yana ta buga hatimi alhali ba wanda ya kawo takarda. George King da mutanensa a cibiyar Joslin ta Boston su suka fi bin wannan zaren, a 1996 suka nuna cewa maganin da ke toshe PKC nau'in beta, in an ba ɓeraye masu suga ta baki, yana gyara gudun jini a bayan ido da wasu alamun lalacewar ƙoda. Maganin shine rubokzistorin na kamfanin Eli Lilly, an kai shi har gwaji a jikin mutane saboda ciwon ido na masu suga, a 2006 hukumar magunguna ta Amurka ta nemi a ƙara wani gwajin, kuma bai shiga kasuwa ba. Ban faɗa wa Hajiya wannan ba.

Talata, 9 ga Janairu 2024

Yau na fara taɓa bahon gwaji, inda ake rataya zoben jijiya a ruwa, da hannuna. Tun bakwai na safe muka haɗa ruwan Krebs, gishiri kala-kala da bikabonet da gulukos, nayi gaggawa na zuba kalsiyam tun farko ruwan yayi fari fat kamar tsala, Baba bai ce komai ba ya zubar yace a sake, kalsiyam a ƙarshe ake sa shi bayan an fara busa iska. Iskar kashi 95 oksijin kashi 5 kabon dayoksaid, ita ke tsayar da pH a 7.4, zafin ruwan kuma digiri 37. Af, na daɗe ina zaton Krebs ɗin ruwan nan shine wanda ya ci kyautar Nobel kan fosfet, ashe mutum biyu ne, na ruwan Hans ne tun 1932, na fosfet ɗin Edwin ne shi da Edmond Fischer a 1992.

Bayan ɓeran yayi barcin allura Baba ya gama da shi, na buɗe ƙirji hannuna yana rawa. Jijiyar tana kwance jikin ƙashin baya, fara, kaurinta bai kai tsinken ashana biyu ba, an lulluɓe ta da kitse. Na ciro na sa a faranti cikin ruwan sanyi ina tsince kitsen da ɗan hantsaki, na yanka zobe huɗu kowanne kamar milimita 3 zuwa 4, sannan a zura ƙugiyoyin waya biyu ta cikin ramin zoben, ɗaya a ɗaure ƙasa ɗaya a rataye a na'urar auna ja. Awa ɗaya ana jira ana canja ruwa duk kwata. Muka sa fotasiyam, layin kwamfuta ya tashi, na kusa yin guɗa. Muka wanke muka sa fenilefrin, maganin da ke matse jijiya, ya tashi kuma. Sai asitilkolin, wanda ya kamata ya sa jijiyar ta saki, layin ko motsi. Zobe huɗun duka.

Baba ya cire tabarau yace "kin goge mata ciki." Wato garin zura waya na kankare shimfiɗar nan ta ciki mai kaurin sel ɗaya tak, endotiliyam, ita ce ke jin asitilkolin ta saki naitirik oksaid jijiya ta buɗe. Irin wannan gogewar ce ta daɗe tana rikita masu bincike kafin Robert Furchgott ya gane a 1980 da jijiyar zomo, har ta kai shi Nobel a 1998. Nace toh Baba ashe ina kan hanya, yace "shi ya gane, ke kuwa ni na gaya miki."

Laraba, 17 ga Janairu

Ɓera na biyu, zobe uku cikin huɗu sun saki. Ana tsakiyar aiki aka ɗauke wuta, kafin a tada janareto ruwan ya sauko digiri 31, na zubar da awa biyu.

Litinin, 29 ga Janairu

Fobol esta ɗina ya iso, PDBu, ɗan mitsitsin abu a gindin kwalba da sai ka ɗaga wa haske kafin ka yarda akwai wani abu ciki. Na ɗauko ruwan DMSO da zan narka shi a ciki na tarar ya daskare kamar man kaɗe, gabana ya faɗi na ɗauka ya lalace ne, ashe shi ƙasa da digiri 19 daskarewa yake kuma sanyin asuban nan ya ishe shi. Na dumtse kwalbar a hannu ya narke. Safar hannu biyu na sa, don DMSO yana ratsa fata ya shiga da duk abun da ke cikinsa, abun da ke cikinsa kuwa mai kiran ƙari ne.

Mun gwada a kan kwantirol ɗaya. Fenilefrin in ka ɗiga, kafin ka ajiye faifet layi ya miƙe. Wannan kuwa na ɗiga shiru, minti biyu shiru, har na fara duba ko na manta ban sa ba, can sai layin ya fara rarrafe sama a hankali a hankali, kusan rabin awa yana hawa, ya je ya tsaya cak, na wanke sau uku yana nan daram. Ban taɓa ganin PKC ba kuma ba zan gan shi ba amma yau na ga aikinsa da idona.

Dalilin wannan taurin kan, a tsokar jijiya akwai mai ɗaure dami akwai mai kwancewa. Kalsiyam na tada kainas ɗin da ke sa fosfet a kan mayosin, furotin ɗin da ke jan tsoka, jijiya ta matse. Wani furotin kuma, fosfates, yana bi yana cire fosfet ɗin, ta saki. PKC ba shi ke ɗaurewa ba, wani ɗan ƙaramin furotin yake buga wa hatimi, CPI-17, shi kuma ya je ya riƙe hannun mai kwancewa. Don haka ko kalsiyam bai ƙaru sosai ba damin yana nan a ɗaure. Abun da nake zargi kenan yana faruwa a jijiyar mai suga.

Wani abu da ya tsaya min a rai cikin karatun daren jiya, in ka bar fobol esta a kan sel na 'yan mintuna PKC yana tashi, in ka bar shi ya kwana sel ɗin rushe PKC ɗin take yi har ya kusa ƙarewa. Abu ɗaya, da safe ya kunna, washegari ya share. Har ma a 2015 rukunin Alexandra Newton a San Diyego suka duba sauye-sauyen PKC da ake samu a ciwon daji na mutane suka ga yawancinsu kashe aikinsa suke yi ba ƙara shi ba, bayan shekara talatin ana neman maganin toshe shi don a warkar da daji. Toh ni da nake barin ɓera sati takwas cikin suga, a wane gefen nake, na safe ko na washegari?

Juma'a, 9 ga Fabrairu

Tun ranar 1 ga wata muke yanka na gaske, kullum mai suga ɗaya, in da hali da kwantirol. Jijiyar masu suga bata saki da asitilkolin kamar ta kwantirol, wannan kam a fili yake. Maganin toshe PKC ne ban samu kuɗinsa ba, sai Baba ya tuna akwai ragowar sitorosiforin, wanda shima yana toshe PKC, a firiza da wata ɗaliba ta bari. Na sa. Jama'a! Matsewar fenilefrin ta kwanta flat kamar tabarma. Na ɗauki hoton giraf na tura wa Malam a WhatsApp, na tsaya a hanya na sayi masa da miyar taushe na kai gida nace yau ni na ciyar.

Litinin, 12 ga Fabrairu

Malam ya kira ni ofis. Ya juya laftof ɗin ya daɗe yana kallo sannan yace "Malama, da kika sa maganin, kin sake gwada fotasiyam?" Nace a'a ranka ya daɗe. Yace je ki gwada ki dawo. Fotasiyam baya bi ta makarɓi da DAG, ƙofofin kalsiyam yake buɗewa kai tsaye, don haka in PKC kaɗai maganin ya taɓa ya kamata yawancin matsewar fotasiyam ta tsira. Na gwada. Ita ma ta kwanta.

Da na koma yace "kin ƙona rumbu don ki kashe ɓera ɗaya." Sitorosiforin gurbin ATP yake zama, kuma kusan duk kainas suna da wannan gurbin, yana toshe mafi yawansu har da wanda ke sa fosfet a kan mayosin. Jijiyar ba PKC aka cire mata ba, hannu da ƙafa aka ɗaure mata. Giraf ɗin da na yi ta murna da shi baya cewa komai. Na san wannan fa, na karanta, amma da naga layin ya kwanta yadda nake so sai ilimin ya gudu. Abun haushi shima maganin a 1977 aka gano shi a Japan, daga ƙwayar cutar ƙasa, a lab ɗin Satoshi Omura, mutumin da aikinsa ya haifar da Mectizan da ake rabawa a ƙauyuka saboda makantar bakin rafi.

Dole in sayi GF109203X, maganin da ya fi zaɓar PKC ya toshe, dole kuma sabbin ɓeraye don na farko saura kaɗan. Dala ta haura naira 1,500, kuɗin da aka faɗa min a Nuwamba yanzu ko rabi baya kaiwa. Na kira Yaya ina inda-inda, yace "faɗi nawa ne kawai ƙanwata, ai mun riga mun shiga."

Alhamis, 29 ga Fabrairu

Allurar rukuni na biyu, ɓera 16, goma STZ shida kwantirol. Wannan karon ni na soka da kaina.

Litinin, 4 ga Maris

Semina. Na sha tambaya har gumi ya jiƙa min hijabi. Wata Dakta daga ɓangaren harhaɗa magunguna tace "'yata, wannan 24 da kika rubuta a ƙasan giraf, ɓeraye ne ko zobba?" Nace zobba ne Ma, huɗu daga kowane ɓera shida. Tace toh shida kike da shi ba 24 ba, zobba huɗu na ɓera ɗaya bakinsu ɗaya, ba za ki kawo mutum ɗaya kotu sau huɗu kice shaidu huɗu ba. Da na sake lissafin da daddare wani bambancin da nake taƙama da shi ya narke.

Sai wani malamin yace wane PKC ɗin? Gaskiyarsa. Ba mutum ɗaya bane, gida ne mai ɗaki uku. Alfa, beta ɗaya, beta biyu da gama suna son kalsiyam da DAG duka, gama ma kusan a ƙwaƙwalwa da laka kaɗai yake. Delta, efsilon, eta da tita DAG ya ishe su. Zeta da iyota kuwa babu ruwansu da ko ɗaya, fobol esta ma baya tada su. Kuma ba kullum bakinsu ke zuwa ɗaya ba, a zuciyar ɓera da jini ya yanke mata an nuna efsilon yana kare ta delta kuwa yana ƙara ɓarna. PDBu ɗina yana tada ɗaki biyu ne gaba ɗaya, GF ɗin da nake jira shima ɗaki biyun yake kwantarwa. Na amsa cewa westan bulot, gwajin gano furotin a cikin nama, ne zai nuna wanne ya koma jikin fatar sel, kuma na ajiye guntayen jijiyoyin rukunin farko a firiza saboda haka.

Talata, 19 ga Maris

Babu sauran guntaye. Kwana uku babu wuta, janareton ya lalace ranar Juma'a da yamma, ba wanda ya kira ni, jiya na buɗe firiza ruwa ya biyo ƙafata. Fosfet ɗin da nake son gani a kan furotin baya jiran kowa, da nama ya narke masu cirewa sun cire. Na zauna a kan kujerar lab da azumi a bakina na yi kuka mai isata. Baba ya bar ni sai da na gama sannan yace "Allah ya mayar da alheri, tashi ki ba yaranki ruwa."

Zafin Bauchi ya fara da gaske, ɓera kuma ya fi son wajen digiri 22 zuwa 25. Muna jiƙa buhu mu rataya a taga, na kawo fankar sola ta ɗakina. Masu sugan takwas ne suka kama a wannan rukunin, ɗaya ya tafi ranar Lahadi, inaga zafi da ƙishirwa ne. Sau uku nake cika musu kwalba a rana, ina jin ƙarar ƙwallon bakin kwalbar ƙyas ƙyas ƙyas suna sha ni maƙogwarona a bushe.

Juma'a, 12 ga Afrilu

An yi sallah shekaranjiya, ranar ma sai da na leƙa su da kwalliyata. GF ya iso cikin kula da ƙanƙara ta hannun wata ƙawata da ta taho daga Legas. Na raba shi ƙananan kwalabe goma, biyar a lab, biyar a firizar maƙwabciyarmu mai sayar da zoɓo don ita tana da sola. Na rubuta GUBA da jan biro na sa a roba mai murfi na naɗe da salatif.

Litinin, 6 ga Mayu

Tun 25 ga Afrilu muke yi. Tsarin yanzu kowane ɓera zobe huɗu, biyu da GF biyu da DMSO zalla daidai yawan wanda ke cikin maganin, kada ya wuce kashi 0.1 cikin ɗari a bahon. Kafin komai sai na tabbatar da abu biyu, GF ya hana matsewar PDBu, kuma ya bar yawancin ta fotasiyam. Ya yi duka biyun. Wannan kaɗai ya fi min giraf ɗin Fabrairu daɗi duk da ba shi da kyan gani.

Talata, 14 ga Mayu

Masu suga biyar kwantirol biyar sun kammala. GF yana rage matsewar fenilefrin a duka rukunin, ba kwantarwa ba, ragewa. A masu suga uku ragin ya fi na kwantirol a fili, a ɗaya kusan daidai, ɗayan kuwa, wanda ya fi kowa ramewa, jijiyarsa tun asali bata matsewa sosai ko da fotasiyam, bansan ma inda zan ajiye shi ba. Naso in cire shi, na ma buɗe fayil ɗin na sa masa jan launi, sai na kira Malam yace "da wane dalili, ban da cewa ya ɓata miki layi?" Na mayar da shi. Takardun da na karanta ma haka suke, wasu sun samu matsewa ta ƙaru a jijiyar ɓera mai suga wasu sun samu ta ragu, ya danganta da tsawon ciwon da irin ɓeran da ko shimfiɗar ciki tana nan, kuma tunda na ga ɓeran nan ramamme nake komawa kan maganar safe da washegari.

PKC nau'in beta kam ba zan iya ambatarsa a sakamako ba. Akwai Gö6976 da ya fi karkata ga ɗakin su alfa da beta, na tura a tambayo min farashi, in ya fi ƙarfina Malam yace a rubuta PKC kawai a bar wa na baya. Guntayen wannan rukunin suna firizar mai zoɓo, wani malami a Zariya yace in na kawo antibodi, sinadarin da ke kama furotin ɗin a gwajin, zai bar ni in yi bulot a wurinsu bayan babbar sallah.

Hajiya ta tambaye ni ɗazu ko an gano mai sitamfin ne ke ɓata mata ido, nace ana dai tuhumarsa, tace toh a yi masa adalci, ta miƙo min yatsa in gwada mata na dare. 187.

Saura masu suga biyu da kwantirol ɗaya. Silindar iska ta kusa ƙarewa, Baba yace allurar gejin ta shiga ja, gobe tun bakwai zan je mu gani ko za ta kai mu ɓera ɗaya kafin a kawo wata daga Jos. In haɗa Krebs lita biyu, kalsiyam a ƙarshe.